Na ga kaina a zanen 'yar ajinmu, ita kuma ta ce kuskure ne

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina son jin ta bakin waɗanda suka riga ni daɗewa a harkar nan.

An ba mu aikin zane da gawayi, kowa ya kawo nasa aka manna a bango don a yi sharhi. Wata 'yar ajinmu ta zana keji a kan tebur, ƙofarsa a wangale, tsuntsu yana ciki a kan sandarsa bai fita ba, ya juya kai yana fuskantar bango. Haske yana shigowa ta hagu, inuwar kejin ta faɗi a bangon. To a inuwar nan babu ƙofa ko alama. Sanduna ne a jere, a rufe ta ko'ina.

Na yi doguwar jinya, likita ya sallame ni ya ce na warke. Amma har yau zaman mara lafiya nake yi. Ba na yin nisa, ba na ɗaukar alkawari mai tsawo, kullum ina jiran ciwon ya dawo. Da na tsaya gaban zanen nan sai jikina ya yi sanyi. Ƙofa a buɗe take, amma inuwar tsuntsun yake kallo, ita kuwa inuwar ta ce masa a rufe yake.

Da malaminmu ya tambaye ta me take nufi, sai ta ce ita haske da inuwa kawai take koyo. Ta yi ta gwada ƙofar a cikin inuwar ba ta fito daidai ba, sai ta goge ta bar sanduna. Shi ke nan.

Yanzu abin da na gani ƙarya ne? Kuma ya dace in gaya mata?

Baƙin Alƙalami:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya 'yar'uwa, ya sa kaffara ne. Zan faɗi abin da nake gani ko da ba zai yi daɗi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta riƙe gawayin, ita ta goge, kuma ta faɗa da bakinta cewa kasawa ce. Abin da kika ji gaskiya ne a zuciyarki, amma daga wurinki ya fito, ba daga takardar ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Hermann Rorschach, ya fitar da hotuna goma na ɗigon tawada a 1921. Ba su nufin komai, amma kowa aka nuna wa sai ya ga wani abu, abin da ya gani kuwa labarin kansa yake bayarwa. Ina ganin abin da ya faru da ke ke nan.

Tsohon Malami:
'Yata, sannu da jiki. Ɗana Baƙin Alƙalami, ban yarda da kai ba a nan, kuma zan faɗi dalili.

Ɗigon tawada babu wanda ya zaɓi komai a cikinsa. An zuba, an ninke takarda, abin da ya fito ya fito. Zanen yarinyar nan kuwa cike yake da zaɓi. Idan inuwa kawai take son koyo, tana iya zana kwalba ko kujera. Ta zaɓi keji. Ta buɗe ƙofar. Ta sa tsuntsu a ciki, ba a sama yana tashi ba. Ta juya masa kai zuwa bango. Da ƙofar ta ƙi fitowa a inuwar, tana iya rufe ƙofar kejin ma gaba ɗaya don su dace, amma ba ta yi ba. Ta duba, ta ga ya yi, ta kawo aji.

Na daɗe ina koyar da zane, kuma ga ma'aunin da nake ba ɗalibai: duk ma'anar da ka ce ka gani, ka iya nuna ta da yatsa a kan takarda, wanda yake gefenka ya ce eh, na gani. Ɗalibar Zane ta nuna mana abubuwa uku, ƙofa, inuwa, da inda kan tsuntsu ya juya. Dukkansu suna nan, ko wanda bai taɓa kwana a asibiti ba zai gan su. Jinyar tata ce, amma saɓanin da ke tsakanin keji da inuwarsa na zanen ne.

Baƙin Alƙalami:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da zaɓin keji da tsuntsu. Amma inuwar ita ce ta girgiza ta, inuwar kuwa ita ce kuskuren.

Mai Nazari:
Wannan gardamar ta tuna mini da wata da manyan masana suka yi a kan takalma. Mai zane ɗan ƙasar Holan, Van Gogh, ya zana wasu tsofaffin takalma a birnin Faris a 1886. Masanin falsafa na Jamus, Martin Heidegger, ya ga ɗaya daga cikin zanen takalman a wani baje koli a Amsterdam a 1930, daga baya ya yi rubutu mai ratsa jiki a kansu. Ya ce takalman wata mace manomiya ce, ya ga wahalar noma a cikinsu, da danshin ƙasa, da kaɗaicin hanyar gona da yamma, da fargabar abin da za a ci gobe. A 1968 sai masanin tarihin zane Meyer Schapiro ya mayar masa da martani, ya ce babu wata manomiya, takalman Van Gogh ne na kansa, a lokacin kuma zaman birni yake yi. Ya ce Heidegger abin da ke ransa ya zuba a cikin takalman. Bayan su masanin falsafa na Faransa, Jacques Derrida, ya zo ya tambaye su duka biyun, wa ya ce muku ma takalman ƙafa biyun mutum ɗaya ne?

Abin da nake ɗauka a nan shi ne, Heidegger bai yi laifi ba da ya ga gajiya da doguwar tafiya, suna nan a fatar takalman da ta lanƙwashe ta tsufa. Inda ya zame shi ne da ya ƙirƙiro mai takalman ya faɗe ta kamar tarihi. Ke ba ki yi haka ba, 'yar'uwa. Ba ki ce 'yar ajinku ta yi jinya ba, ba ki ce tana nufin masu jinya ba. Kin ce kin ga kanki.

Baƙin Alƙalami:
Ai labarin nan ni yake goya wa baya, Yaya Mai Nazari. Babban masani ma ya ruɗu da abin da ke zuciyarsa.

Mai Nazari:
Rabinsa naka ne, rabi na Malam.

Uwar Biyu:
Ni ban san komai a zane ba, ɗiyata ce take yi shi ya sa nake zauren nan. Amma da na karanta yadda kika siffanta shi, wani abu daban na gani. Na ga tsuntsun da aka buɗe wa ƙofa ya ƙi tafiya saboda a nan hankalinsa yake kwance. Ba tsoro ba, amana. Na bar aiki na zauna jinyar mahaifiyata har Allah ya karɓi abinsa, mutane suna ta tausaya mini wai an ɗaure ni, alhali ba wanda ya ɗaure ni.

Tsohon Malami:
Allah ya jiƙanta, ya saka miki da alheri. To Hajiya, inuwar da ba ta da ƙofa fa, ina kika ajiye ta a taki fahimtar? Don idan ma'ana ta bar abu mafi girma a zane a waje, ba ta kammala ba.

Uwar Biyu:
Amin Malam, na gode. Inuwar ai ita ce abin da na waje suke gani. Wanda bai shigo ɗakin ba, inuwa kawai yake hange a bango, sai ya rantse kurkuku ne. Wanda ya shigo ne zai ga ƙofar.

Tsohon Malami:
Wallahi wannan ta zauna daram. Ban hango ta ba. Sai dai kan tsuntsun da ke fuskantar bango ya fi karkata ga fahimtar Ɗalibar Zane, don tsuntsun da hankalinsa ke kwance ba lallai ya zuba wa inuwa ido ba. Amma taki ma tana da ƙafafun tsayawa.

Baƙin Alƙalami:
To kun gani, inda nake jin tsoro ke nan. Mutum biyu, ma'ana biyu masu karo da juna, ɗaya tsoro ɗaya natsuwa, kuma an ce duk daidai ne. Idan haka ne me ya sa ake karanta tarihin zane? A ƙarni na 17 masu zane a ƙasar Holan sun yi ta zana ƙoƙon kan mutum, da agogon yashi, da kyandir da aka kashe yana hayaƙi, da kumfar sabulu, da furen da ya fara yaushi. Kowa a lokacin ya san abin da ake nufi, duniya ba matabbata ba ce, mutuwa tana tafe. Ko zanen jakadu biyu da Hans Holbein ya yi a 1533, wanda ke Landan yanzu. Ga su nan cikin ado, ga littattafai da kayan auna taurari, amma a ƙasa akwai wani abu miƙaƙƙe da ba ka gane shi sai ka tsaya ta gefe, sai ka ga ƙoƙon kai ne. Ga molo kuma da tsirkiya ɗaya a tsinke. Wani ya zo ya ce shi ƙoƙon kan nan, farin ciki yake nuna masa, sai mu ce masa madalla?

Tsohon Malami:
A'a, sai mu ce masa ya koma ya karanta. A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari.

Alamomi iri biyu ne. Akwai wadda jama'a suka yi ittifaƙi a kanta a wani zamani da wani wuri, ita wannan koyonta ake yi kamar yadda ake koyon haruffa, kuma ana iya kuskurenta. Ko launi ma haka yake. Baƙi ne launin makoki a yawancin ƙasashen Turai, fari ne a al'adar Sin da Indiya. Wanda ya kalli zanen can da idon nan zai karanta shi a juye. Masanin tarihin zane Erwin Panofsky a 1939 ya raba kallon zane mataki uku: abin da ido ya gani, sannan abin da alamomin ke nufi ga mutanen da suka san su, sannan abin da aikin ke bayyanawa game da zamaninsa da mai yin sa, har abin da shi kansa bai lura ba. Ka lura da na ukun nan.

Iri na biyu ita ce alamar da ake haifa a cikin zanen kansa. Keji da tsuntsu tsohuwar alama ce, kowa ya san ɗauri da 'yanci ake nufi. Amma inuwar da ta saɓa wa jikinta ba ta cikin wani kundi. A takardar yarinyar nan ta samu, ta hanyar gogewa. Irin wannan ba ta da ma'ana guda da za a haddace, tana da iyaka dai. Tsoro ya shiga, natsuwa ta shiga. Wanda ya ce zanen yana magana ne a kan cinikin tsuntsaye, sai ya nuna mana da yatsa, kuma ba zai iya ba.

Mai Nazari:
Kuma ko maganar mai zanen ba kullum take zama ɗaya ba. Mai zane ɗan Sifaniya, Picasso, ya yi zanen da ake kira Guernica a 1937, bayan jiragen Jamus da Italiya sun yi wa garin mai wannan suna ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilu, lokacin yaƙin basasar Sifaniya. Akwai bijimi da doki a ciki, an yi ta tambayarsa me suke nufi. A wata hira a 1945 ya ce bijimin rashin imani da duhu ne, dokin kuma jama'a. Daga baya ya ce bijimi bijimi ne, doki doki ne, masu kallo su fassara yadda suka fahimta. Wanne za mu riƙe? Mai zane Marcel Duchamp kuma a wani jawabi a Houston a 1957 ya ce mai zane ba shi kaɗai yake kammala aikin ba, mai kallo yana ƙara nasa. Ban ce a jefar da maganar mai zane ba. Shaida ce babba, amma ba ita ce hukunci ba.

Ɗan Shekarar Ƙarshe:
Bari in yi magana ta ɓangaren wanda ake kallon aikinsa, don duk kuna ta ɓangaren mai kallo.

Na farko, "inuwa kawai nake koyo" amsa ce da kusan kowannenmu ya taɓa bayarwa a gaban aji. Wani lokaci gaskiya ce tsagwaronta. Wani lokaci kuma mutum ba ya son buɗe cikinsa a gaban jama'a da malami. Ba za ki iya sanin wanne ne nata ba, kuma kada ki je da niyyar tono.

Na biyu shi ne ya fi damuna. Na taɓa zana gado babu kowa a kai, zanin a yamutse, don ina son koyon lanƙwasar tufa. Wani ɗan ajinmu ya yanke hukunci cewa mutuwa nake nufi, ya shiga gaya wa mutane wai ina cikin damuwa. Har aka fara yi mini sannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don ya ga mutuwa a zanen ba, tana iya kasancewa a can, sai don ya ɗauki abin da ya gani ya rataya mini a wuya. Daga baya wata ta zo ta ce zanen ya tuna mata da ranar da yayanta ya bar gida, ta tsaya tana kallon gadonsa. Wannan kuwa har yau ina jin daɗinta, kuma ita ta sa na ci gaba da zana ɗakunan da babu kowa. Dukkansu rashi suka gani. Ɗaya ya ce "kai ne", ɗaya ta ce "ni ce".

Don haka ƙanwata ki gaya mata, amma da bakin ta biyun.

Ɗalibar Zane:
Na gode muku ƙwarai, ban zaci za a ba abin wannan muhimmancin ba. Anti Uwar Biyu, Allah ya jiƙan Mama. Maganarki ta tsaya mini, don ban taɓa tunanin ana iya zama a ciki ba tare da tsoro ba.

Yaya Baƙin Alƙalami, ban ji haushi ba. Amma akwai abin da nake son ka duba. Na daɗe ina neman yadda zan bayyana wa 'yan gidanmu halin da nake ciki, suna cewa ai kin warke, me kuma ya rage. Ban samu kalmomi ba. Zanen nan ne ya ba ni su. Idan daga cikina kawai abin ya fito, me ya hana shi fitowa tun tuni? Na kalli bango da yawa, na kalli zane da yawa, ban gani ba sai a nata.

Abin da ya rage mini shi ne, ba mu saba sosai ba, ina tsoron in ɗora mata nauyin labarin ciwona.

Uwar Biyu:
Ba sai kin ba ta labarin duka ba ɗiyata. Ki ce zanenki ya taɓa ni, musamman inuwar, ya faɗi wani abu da na kasa faɗa. Idan ta tambaya ki ƙara, idan ta yi murmushi ta ce na gode ki tsaya nan.

Baƙin Alƙalami:
Tambayarki tana da ƙarfi, ba ni da cikakkiyar amsa. Na yarda zanen ya yi wani aiki da bango bai yi ba. Amma ga abin da ban janye ba. Ku ɗalibai ne. Idan kika je kika yaba mata wurin da ta kasa, kina iya sa ta ɗauka cewa duk abin da ya gagare ta sai ta goge, masu kallo za su cike da ma'ana. Na ga waɗanda wannan ya lalata wa hannu. Ya kamata ta iya zana inuwar ƙofa tukuna, sannan in ta ga dama ta cire ta da gangan.

Tsohon Malami:
Wannan gyara ne mai kyau, kuma shi ya sa tun ɗazu nake juya inuwar nan a kaina. Ku bari mu bar ma'ana mu koma ga haske.

Keji ba fuska ɗaya gare shi ba. Hasken da ya shiga ta ƙofar da aka buɗe ba ya wucewa kai tsaye zuwa bango, sai ya ci karo da sandunan ɗaya ɓangaren, su kuma su jefa tasu inuwar. Saboda haka a inuwar keji ba ka samun fili fari tas a wurin ƙofa. Abin da kake samu shi ne wurin da sanduna suka ɗan yi ƙaranci, don layi ɗaya ne a nan maimakon biyu da suka hau juna. Ita kuma ƙofar, idan ta buɗe ta miƙe daidai da inda hasken yake tahowa, inuwarta siririn layi ce kawai, tana iya ɓacewa cikin sauran. Ina kyautata zaton abin da ya wahalar da yarinyar ke nan. Tana neman ƙofar da hankalinta ya ce dole ta bayyana, idonta kuma bai ba ta ba. Da ta goge ta bar sanduna, ta fi kusa da abin da haske yake yi fiye da yadda take zato.

Baƙin Alƙalami:
Malam, wannan ban yi tunaninsa ba. Amma ya danganta da inda ƙofar take. Idan tana gefen da hasken ke gogawa ya wuce, inuwarta za ta fito waje ɓaro-ɓaro kamar fiffike.

Tsohon Malami:
Haka ne. 'Yata, ƙofar tana wane ɓangare?

Ɗalibar Zane:
Tana hagu, Malam, ta inda hasken yake shigowa.

Tsohon Malami:
To ku gwada ku biyu. Ku samo keji ko kwandon waya, ku kashe fitilar ɗaki, ku haska tocila ta ɓangaren ƙofar, ku riƙa matsar da ita kuna kallon bango. Za ta koyi abin da ya gagare ta, Baƙin Alƙalami ya samu biyan buƙatarsa. Ke kuma kin samu hanyar fara magana da ita wadda ba ta da nauyi. Sauran maganar in ta zo, ta zo.

Mai Nazari:
Za ki iya ɗauko mana hoton zanen? Ina son ganin yadda ta yi kan tsuntsun, don duk muhawarar nan a kan siffantawarki muka gina ta.

Ɗan Shekarar Ƙarshe:
Yaya, kada ta ɗauka sai ta tambayi mai shi. Aikin aji ne, ba ta fitar da shi don duniya ba, kuma ba ta san ana tattauna shi a nan ba. In ta amince, a sa shi yadda ta ga dama, da sunanta ko babu.

Ɗalibar Zane:
Gaskiya ne, ba zan ɗauka ba sai da izininta. Zan nemi tocila da kwandon waya kafin darasinmu na gaba, in ta yarda mu gwada tare. Malam, nisan tocilar da kejin yana da tasiri, ko duk inda aka riƙe ta ɗaya ne?

Tsohon Malami:
Yana da tasiri sosai. In kin matso da ita kusa, inuwar za ta yi girma, sandunan da ke kusa da tocilar su bazu su yi kauri fiye da na nesa. In kin ja baya, inuwar ta kusa girman kejin, layukan su yi kusan daidai da juna. Ku fara daga nesa, a nan za ku fi ganin yadda sandunan gaba da na baya suke hawa kan juna.